Duka Ba Ya Tsayawa a Fata: Gargaɗi ga Mutanen Ƙasar Gumel

Akwai wata ɓarna da take ci a gidajenmu kamar wutar ƙaiƙayi, daga cikin garin Gumel har ƙauyukan Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, mun kuwa haɗa baki mun yi mata shiru. Maza suna dukan matansu na aure. Suna zaginsu a gaban 'ya'yan da suka haifa, suna hana su awo da kuɗin magani, suna raba su da iyaye da dangi, har a kai inda mace za ta daina barci, ta daina cin abinci, ta daina magana. Ranar da hankalinta ya fara rawa, sai a ce iska ce ta buge ta, ko kishiya ce ta yi mata sammu, ko kuma dama abin a danginsu yake. Da waɗannan amsoshi uku muke wanke mai laifi, mu bar marar lafiya da ciwonta. Ina wannan rubutu ne domin in gargaɗi mijin da yake ɗaga hannu, da uban da yake mayar da 'yarsa bai tambayi abin da ya koro ta ba, da duk wanda yake jin ihu ta bayan danga ya gyara kwanciya.

Kada wani ya ce ƙari ake yi. Babban binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 36 cikin 100 na matan Nijeriya da suka taɓa aure sun sha duka, ko tilas a shimfiɗa, ko cin mutunci daga hannun miji. A binciken 2013 kashi 25 ne. Fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu kuma ba su taɓa neman taimako ba, ba su ma taɓa faɗa wa kowa ba. A binciken, Jigawa tana cikin jihohin da adadin ya fi ƙanƙanta, kuma akwai masu riƙe wannan su ce mu kam lafiya lau muke. Allah ya sa haka ne. Amma a tuna yadda ake samun adadin: baƙuwa ce take shiga gida da takarda, ta tambayi mace ko mijinta yana dukanta. Matar da aka rene ta a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wadda ko sunan mijinta ba ta iya faɗa don kunya, me ake zaton za ta ce? Ko da mun ɗauka mace ɗaya ce tak cikin goma, to babu unguwar da ta tsira, babu layin awon cikin da babu irinta a ciki.

A watan Disamba na 2024, a wani taro a Jami'ar Bayero, Sarki Muhammadu Sanusi II ya bayyana abin da ya gani da ya bibiyi shari'o'in kotunan Musulunci tara na Kano: mata da karyayyun gaɓoɓi, mata da aka zubar wa haƙora, mata da aka daɗe ana jibga da sanda. Kano da mu jiha ɗaya muke har zuwa 1991, al'adar aurenmu ɗaya ce, kuma babu katangar da ta tsayar da wannan hali a kan iyaka. Wannan ma abin da ya kai gaban alƙali ke nan. Wanda ake kashewa a zaure ya fi shi yawa.

A zauren nan muke tafka babban laifinmu, kuma kowa ya san yadda abin yake tafiya. Yarinya ta iso gidan ubanta bayan magariba, goyo a baya, ƙullin kaya a ka, ta ja mayafi ta rufe gefen fuskar da ya kumbura. Uwa ta gani ta gane. Ta dafa ruwa ta gasa mata, tana cewa, “Yi shiru, 'yar nan, kada Malam ya ji kukanki. Ni ma haka na zauna.” Kwana biyu sai ga 'yan biko, ƙanin uban miji da wani abokinsa, da goro da sabulu, da atamfa in da hali. A shimfiɗa tabarma, a gaisa, a tambayi gona da iyali, a ce ai tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ba a kira mijin ba, ba a tambayi da me ya doke ta ba, ba a ɗora masa sharaɗi ko ɗaya ba. Sai a aika a kira ta, ta durƙusa daga bakin ƙofa. Uban ya ce, “Tashi ki bi su. Aure ɗan haƙuri ne. In kika sake dawo min nan, ba ni ba ke.” Ta ce, “To, Baba.” Ta gyara goyo ta bi su. A ranar ta gane cewa ba ta da wurin gudu, shi kuma mijin ya gane cewa babu abin da zai same shi.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun san abin da yake biyo baya. Allah ya yi wa jikin ɗan Adam shirin tsira: da ya ji tsoro sai zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya ɗaga, jiki ya ɗaure, barci ya gudu. Shiri ne na ɗan lokaci, haɗari ya wuce jiki ya saki. Matar da take kwana ɗaki ɗaya da mai dukanta kuwa haɗarinta ba ya wucewa. Ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida ta isa ta sa cikinta ya ɗuri ruwa. Tana zuba gishiri a miya da fargaba, tana rarrashin yaro da fargaba, kada kukansa ya jawo mata. Wata da watanni a haka, sai jikin ya manta yadda ake hutawa, ciwon damuwa ya samu ƙofa. Ta tashi da asuba jiki a mace. Abin da take so a da ya fita ranta, har kitso da lalle da zuwa biki. Ta riƙa mantuwa, tuwo ya ƙone tana zaune a gabansa. Ta riƙa kuka ba dalili, tana ganin ita ce mai laifi a komai, tana jin gara ma babu ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2013 cewa matar da miji yake cin zarafinta ta kusan ninka sauran mata sau biyu wajen kamuwa da wannan ciwo, kuma ta fi su yawan haihuwar jariri marar nauyi.

Ba kuma sai da sanda ake yin wannan ta'asa ba. Akwai mijin da bai taɓa kai hannu ba, amma ya yi wata guda yana gaba da matarsa. Akwai mai gori a kan kowace loma, mai zagin iyayenta, mai barazanar saki safe da yamma, mai ɗaga kishiya a kanta don ya ƙona mata rai, mai karɓe akuyarta da kuɗin adashinta ya ce ai a gidansa ta samu. Kumburin fuska yakan saɓe cikin mako guda. Kalmar “ke ba kowa ba ce” da aka nanata shekara goma ba ta saɓewa da ruwan zafi.

Irin wannan mace ba ta zuwa asibiti ta ce damuwa ce take damunta. Abin da take cewa shi ne, “Likita, kaina ne yake sarawa. Ƙirjina ya yi min nauyi. Wani abu yana min yawo a jiki. Ba na barci.” Layi dogo ne, ma'aikaci ɗaya ne, ƙanin mijin da ya rako ta yana tsaye a kanta. A auna jini, a duba zazzaɓin cizon sauro da taifot, a rubuta maganin ciwon kai da na olsa, a kira ta gaba. Bayan mako uku ta dawo da koken nan dai, ko ta aiki yaro kemis ya sayo mata abin da zai sa ta barci. Babu wanda ya keɓe da ita ya tambaye ta, “Yaya zamanki da maigidan?” Alhali labarin zuciya yana nan a fuskarta.

Ba na musun cewa rayuwa ta yi tsanani. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 sun nuna kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa suna cikin talauci. Ƙasarmu ta rairayi ce, daminarta gajeriya. Gero da wake da riɗi su ne rufin asiri, in ruwa ya ɗauke da wuri shekara ta lalace. Kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, wadda gidaje masu ɗimbin yawa suke ci daga gare ta, ta sha bugu sau biyu: rufe iyakar da aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. A shekarar ce kuma aka cire tallafin man fetur, kwanon awo ya yi tashin gwauron zabo. Da an gama kaka magidanta sun bazama cirani Kano da Abuja da Legas, a bar mace da 'ya'ya da surukai da rumbun da ba zai kai bazara ba. Ita ce mai surfe da daka, ita ce mai neman ruwa da itace, ita ce mai kallon idon yara ranar da ba a ɗora tukunya ba. Wannan kaɗai ya isa ya karya zuciya. Mai ƙara mata duka a kai yana ɗora wa wanda ya riga ya durƙusa kaya ne.

Talauci kuwa bai taɓa ɗaga hannun kowa ba. Muna da talakawa da suka yi shekara arba'in da matansu ko tsawa ba su taɓa yi musu ba, muna da masu motoci da albashi da matansu suke ɓoye tabo a ƙarƙashin hijabi. Wanda ya ce zuciya ce ta ɗebe shi, a tambaye shi: me ya sa ba ta ɗebe shi a gaban dillalin da ya cuce shi a kara ba, ko a gaban jami'in da ya tare masa kaya a hanya? Can yakan haɗiye fushinsa, ya ce ranka ya daɗe. Yana ajiye shi ne sai ya iso gida, wurin wadda ba za ta iya ramawa ba. Wannan zaɓi ne, kuma zaɓin matsoraci ne. Ƙwaya ma ta shigo ta ƙara wa abin muni. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalabe miliyan 3 na kodin kullum a Kano da Jigawa, a 2018 gwamnati ta hana shigo da shi da haɗa shi. Tiramadol dai yana nan a aljihun wasu magidanta, kuma akwai matan aure da suka faɗa shaye-shaye a ɗakunansu domin su samu su runtsa.

Lokacin da mace ta fi rauni shi ne na ciki da jego, kuma a jiharmu mace takan yi haihuwa kimanin bakwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu kusan mace ɗaya cikin biyar tana shiga matsalar damuwa bayan haihuwa. Akwai kuma wanda ya fi wannan tsanani, wanda yake kama mace ɗaya ko biyu cikin 1,000, galibi a makonni biyu na farko: maijego ta ƙi barci sam, ta riƙa sambatu, ta riƙa jin muryoyi, ta ƙi jaririnta ko ta ce ba nata ba ne. Ciwo ne na gaggawa da yake buƙatar asibiti a ranar, kuma yana warkewa in an kai da wuri. Kakanninmu sun yi hikima da suka tsara goyon ciki da zaman arba'in a gaban uwa, domin maijego ta huta. Sai dai mun riƙe wanka da kunu mun manta da zuciya. Ana tambayar ruwan nono, ba a tambayar barci. Mijin da ya doki mai ciki, ko ya yi fushi don an haifi mace, ko ya zaɓi kwanakin jego ya ɗauko amarya ya yi watsi da maijego, ya sani rai biyu yake cutarwa.

Sai maganar gado, makamin da ya fi kaifi a hannun dangin miji. Da mace ta rikice sai a ce, “Ai kakarta ma haka ta yi, an ɓoye mana ne.” Likitoci ba su musun gado. Wanda uwarsa ko ubansa ko ɗan'uwansa na jini ya yi ciwon damuwa mai tsanani ya fi sauran mutane saurin kamuwa sau biyu zuwa uku. Babbar cutar taɓin hankali mai sa jin muryoyi tana kama kimanin mutum ɗaya cikin 100, amma idan ɗaya daga cikin iyaye yana da ita sai ta koma kimanin ɗaya cikin goma. A lura da kyau: tara cikin goma ɗin nan ba sa kamuwa. Saurin kamuwa ake gada, kamar yadda ake gadon hawan jini da ciwon sukari, kuma sau da yawa abin da yake tayar da ciwon shi ne tsoro da rashin barci da ƙunci da ƙwaya. Saboda haka gado ba ya wanke miji. Ƙara masa nauyi yake yi, domin matar da aka san akwai wannan a danginsu ita ta fi cancantar a tausasa mata.

Gorin gado yana da wata illar. Tsoron kada a ce gidan wane gidan mahaukata ne, 'yan matansu su rasa masu aure, shi yake sa iyaye su kulle marar lafiya a ƙuryar ɗaki shekara da shekaru. Ciwon da zai warke cikin watanni sai ya zama na har abada. Matar da mahaifiyarta ko yayarta ta taɓa rikicewa a jego kamata ya yi ta faɗa wa ma'aikaciyar awo tun tana da ciki, a sa mata ido. Ba za ta faɗa ba muddin mun mayar da abin abin kunya.

Akwai kuma gado na biyu, wanda ba a jini yake ba, mu muke miƙa shi da hannunmu. Binciken nan na 2018 ya nuna cewa matan da suka tashi suna ganin ubansu yana dukan uwarsu sun fi sauran mata faɗawa hannun miji mai duka, nesa ba kusa ba. Yarinya ta koyi cewa haka aure yake. Yaro ya koyi cewa haka ake zama namiji. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk marin da ka kai wa matarka a gaban 'yarka, ka ba wani ƙato izinin marin 'yar taka nan da shekara goma sha biyar.

Idan ciwo ya bayyana, sai mu ƙara zalunci a kan zalunci da sunan magani. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a alheri ne, babu Musulmin da zai hana su, kuma ba sa hana zuwa asibiti. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne tsula wa mace bulala wai aljanin ake duka, da turnuƙe ta da hayaƙi, da sa mata mari, da kai ta wurin bokan da zai ce uwar miji ce ko kishiya, gida ya ƙara kamawa da wuta. Ba mu manta da 2019 ba, lokacin da aka fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura, da sarƙa a ƙafa da tabo a baya. A Nuwamba na shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali a faɗin ƙasar nan. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma ba marar lafiya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Wanda yake cewa ciwon damuwa ƙirƙirar Turawa ce, ko raunin imani ne, ya tuna cewa baƙin ciki ya taɓa idon Annabi Yaƙub. Ya kuma sani malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya bambance baƙin cikin da yake da sanannen dalili da wanda yake faɗo wa mutum haka kawai, yana buƙatar magani.

Mai fakewa da addini kuwa ya nemi wata mafakar. Alƙur'ani ya kafa aure a kan natsuwa da ƙauna da jinƙai, ya yi umarni da zama da mata da alheri. Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Ayar Suratun Nisa'i da ake jawowa, malamai sun kewaye ta da sharuɗɗan da babu mai duka a yau da yake cika ko ɗaya, kuma Aɗa'u ɗan Abu Rabah, babban malamin Makka cikin Tabi'ai, ya tafi a kan cewa kada ma miji ya doke ta ko da ta saɓa masa. Ayar da ta biyo baya ta ce a naɗa mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta, wato a ji ta bakin kowa. Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya ba mace damar a raba auren saboda cutarwa bayyananniya, ko da ba a tabbatar an maimaita ta ba. A ɓangaren hukuma, sashe na 55 na Final Kod ya daɗe yana ba miji kafar abin da ya kira ladabtarwa, amma a 2015 tarayya ta yi dokar hana cin zarafin mutane, wadda ta mayar da dukan mata da korarta daga gida da azabtar da ranta laifi, a 2021 kuma Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a ta Jigawa. Doka tana nan. Masu kai ƙara da masu tsaya musu ne suka yi ƙaranci.

Ƙarshen wannan hanya mun sha jin sa a rediyo: mace ta halaka kanta, ko miji ya yi mata dukan ajali, ko tura ta kai bango ta kai masa farmaki, ko ta huce a kan ɗan kishiya. Babu mai hankalin da zai ba kisa uzuri. Amma kafin ranar an yi yaji nawa, an yi biko nawa, maƙwabta nawa suka ji suka yi shiru? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 38 cikin 100 na matan da ake kashewa a duniya, mazan da suke tare da su ne suke kashe su. Duk ranar da kuka ji mace ta ce “gara in mutu in huta”, kada ku ce faɗa take yi kawai. Kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da magungunan ƙwari da na ajiyar wake daga inda hannunta zai kai, a kai ta asibiti a ranar.

Kai maigida, ka sauke hannunka daga yau. In fushi ya taso ka fita, ka yi alwala, ka dawo bayan ka huce. In zaman ya gagara, Allah ya halatta rabuwa cikin mutunci, bai halatta maka ka mayar da 'yar mutane marar hankali sannan ka kai ta gidansu ba. In ƙwaya ce take juya ka, kai ma marar lafiya ne, ka nemi magani.

Ku iyaye da waliyyai, 'yarku ba ta daina zama 'yarku ba ranar da aka kai ta ɗaki. In ta dawo ku zaunar da ita ku ji, ku duba jikinta, ku kira mijin da kansa, ku sa masa sharaɗi a gaban shaidu, ku bar mata ƙofa a buɗe. Zawarci da lafiya ya fi aure da ciwon hankali. Ke uwar miji, kin san zafin abin da kike zuga ɗanki a kai, kuma ke ma kina da 'ya'ya a gidajen wasu.

Ku malamai da limamai, kun yi wa mata wa'azin biyayya har sun haddace. Ku ba maza rabonsu a kan mumbarin Juma'a da wurin ɗaurin aure, da sunan laifin ƙarara. Ina kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Gumel, Alhaji Ahmad Muhammad Sani II, da hakimansa da dagatai da masu unguwanni, su mayar da wannan magana ta fada: mai unguwa ya san gidan da ake duka a unguwarsa, kuma duk mai riƙe da rawani da aka samu da dukan mata ya san akwai abin da zai biyo baya. 'Yan Hisba da 'yan sanda da alƙalai su daina sallamar mace da “je ki yi haƙuri” alhali ga rauni a jikinta.

Gwamnati ma da nata. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su kai 300 ba, kuma matar ƙauyen Sule Tankarkar ba ta da kuɗin motar zuwa asibitin Kazaure ko na Dawanau a Kano. Dole a kawo kulawar kusa, Babban Asibitin Gumel da ƙananan asibitocin ƙauyuka, a horar da ma'aikatan awo su riƙa keɓewa da mace su tambaye ta barcinta da zamanta. An gwada an gani. A ƙauyukan Rawalpindi ta Pakistan an koya wa ma'aikatan lafiya mata yadda za su riƙa zama da masu ciki da masu jego, sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna ciwon damuwa ya ragu da fiye da rabi. A Zimbabuwe Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa. Muna da ungozomai da malaman Islamiyyar matan aure da ƙungiyoyi irin FOMWAN da za su iya wannan aiki in an koya musu.

Ke kuma 'yar'uwa da kike cikin wannan hali, ba laifinki ba ne, kuma ciwonki yana da magani. Ki faɗa wa wadda kika yarda da ita. In an ji miki rauni ki je asibiti a rubuta. In iyaye sun ƙi ji, akwai mai unguwa, akwai limami, akwai alƙali, kuma neman haƙƙinki bai saɓa wa addininki ba.

Haƙuri ibada ce a kan abin da Allah ya ɗora wa bawa. Zaluncin da mutum ya ɗora wa mutum kuwa hana shi aka umarce mu mu yi, da hannu ko da baki. Mai duka zai tsaya gaban Allah a tambaye shi amanar da ya karɓa a gaban shaidu, haka uban da ya rufe ƙofa, haka maƙwabcin da ya toshe kunne, haka shugaban da aka kai wa kuka ya ce a je a sasanta a gida. Kowa ya duba gidansa da gidan da yake jikin nasa, ya yi abin da ya wajaba a kansa tun kafin a kira shi ɗaukar gawa.